Shekarun da Muka Yi Muna Jiran Ɗan Masunci

A gidanmu na Karaye ba a hana karatun littattafan labari ba, amma ba a yi maraba da su ba. Idan Baba ya gan ki da littafi mai hoton takobi a bango ba zai ƙwace ba. Zai tambaye ki ko kin kawo haddar da aka ba ki a Islamiyya, ya wuce abinsa bai jira amsa ba. Daga nan karatun ya daina yi miki daɗi. Shi ya sa ni yawancin karatuna a Rogo Ruma na yi shi, a gidan Gwaggo, yayar Baba, inda ake tura ni duk hutun makaranta tun da 'ya'yanta mata suka tafi ɗakunansu.

Ɗa guda ya rage a gabanta a lokacin, taubashina, yana kwandasta a wata bas mai jigila tsakanin Rogo da Kano. Ya girme ni da 'yan shekaru. Yaya nake ce masa idan ina neman wani abu a wurinsa, sauran lokuta kuwa duk abin da ya zo bakina. Shi ya fara shigo mana da littafin ɗan masunci. Wani fasinja ne ya manta da shi a ƙarƙashin kujera, bangon gaba ya yage, an tattaka shi, yana warin fetur. Yaya ya jefo min shi a cinya ya ce, "Ungo, 'yar boko. Ko kya rage mana surutu."

Labarin wani birni ne a bakin kogi. Wani tsohon boka ya iso da yamma yana neman masauki, duk gidan da ya je sai a ce masa babu wuri. Da rana ta fito mutane suka duba ƙasa, babu mai inuwa. Bokan ya kwashe su gaba ɗaya, ya ɗura a tulu, ya yi gaba. Wanda aka raba da inuwarsa ba ya mutuwa, amma abinci ba ya yi masa ɗanɗano, ba ya iya dariya, ko haihuwa aka yi masa sai dai ya kalli jaririn ya kau da kai. Mutum ɗaya ne ya tsira, ɗan wani masunci, domin da asubar da bokan ya yi aikinsa shi yana ƙarƙashin ruwa yana kwance tarun da ya maƙale. Ya dawo gida ya tarar da mahaifiyarsa zaune a ƙofar ɗaki tana kallonsa kamar baƙo. Ya durƙusa ya yi mata alkawari zai dawo mata da inuwarta kafin kogi ya sake cikowa. Ya ɗauki mashinsa ya kama hanya, shi da wani tsohon zalɓe mai magana, matsoraci na ƙarshe, ga baƙar tsiwa, wanda ya bi shi don kawai ya saba da kifin da yake jefa masa.

Ni da na tashi ina ganin masunta a bakin dam ɗin garinmu, ban sha wahalar hango wurin ba. Har fuska na ba ɗan masuncin, ta wani saurayi siriri da yake kawo kifi unguwarmu a bayan keke.

Washegari muna zaune gindin rumbu muna ɓarar gyaɗa, ni da Gwaggo, littafin a cinyata. In ɓare ƙwaya biyu, in karanta shafi guda. Na kai inda zalɓe ya hango kada ya sume, da ya farfaɗo ya ce ai dabarar yaƙi ce. Dariya ta ƙwace min.

"Ke da wa?" in ji Gwaggo.

"Littafi ne, Gwaggo."

"To in abin kirki ne karanta kowa ya ji. In ba na kirki ba ne ki ajiye ki yi min aiki."

Na koma farko na karanta mata. Gwaggo ba ta karatun boko, kuma ban taɓa ganin abin ya dame ta ba. Tana ɓara tana saurare, har na kai inda aka hana boka masauki. Ta ce, "Su ma ba su kyauta ba. Baƙo ne fa, kuma tsoho." Da na kai wurin uwar yaron sai hannunta ya tsaya a cikin kwando. Ta ce in koma in sake wurin, na sake. Ranar sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya, ba ta ji dakanmu ba.

Littafin ya ƙare a daidai inda wani ƙato ya ɗaga kulki zai rotsa kan ɗan masunci. Na rufe shi.

"Ci gaba mana."

"Ya ƙare, Gwaggo. Sai a na biyu."

"Ina na biyun?"

"Yana Kano."

Da Yaya ya dawo, tun bai cire takalmi ba ta ce masa, "Gobe in kun shiga birni ka nemo mana labarin yaron nan."

Haka muka zama mu uku. Yaya ne mai sayowa, don haka shi yake fara karantawa a tasha kafin mota ta cika. Idan sun biyo ta Karaye sai ya ajiye min a shagon wani tela da ke kusa da gidanmu, in ɗauka in karanta a ɓoye, in adana har hutu ya zo in kai wa Gwaggo. Ita ce ta ƙarshe a layi, amma ta fi mu riƙe labarin. Ta kafa mana doka, babu mai gaya mata abin da ya faru sai ta ji da kunnenta daga takarda. Yaya kuwa ba ya iya riƙe baki. Sai ya shigo yana cin tuwo ya ce, "Inna, kin san wannan sarauniyar macizan…" Ta ɗauki muciya. Ya yi shiru.

Littattafai biyar na farko, har yau ina cewa ban karanta abin da ya kai su daɗi ba. Yaron talaka ne, ba shi da tsafi, ba shi da runduna. Yana jin yunwa, takalminsa yana tsinkewa. Inda duk ya kwana sai ya kalli inuwarsa a bango ya tuna da uwarsa. Akwai wurin da ya isa wata kasuwa ta aljanu, aka ce za a nuna masa hanyar dutsen da boka yake idan ya ba da tasa inuwar, shi da zalɓe suka yini suna gardama a kai. Da na karanta wa Gwaggo wurin, tashi ta yi ta zagaya tsakar gida ta dawo ta zauna.

A na shida ya auri 'yar wani sarki. Ba mu ce komai ba, saurayi ne, kuma yarinyar ta cece shi daga kurkuku. Gwaggo dai ta ce, "Aure babu uwarsa a kusa. To, Allah ya sanya alheri." A na bakwai ya shiga wata gasar jarumai wadda ta cinye littafin duka da rabin na takwas. Daga nan ya samu takobi, sai ya ji labarin wani takobin da ya fi shi, ya tafi nema. Mashin kifi ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Duk mugun da ya kashe, kafin ya cika sai ya ce, "Ka kashe ni, amma yayana yana nan tafe." Har ta kai idan an fara faɗa Gwaggo takan tambaye ni, "Wannan ma yana da nasa yayan?" In ce bari mu gani. Kullum yana da shi.

Mu ma ba a tsaye muke ba. Na gama sakandare. Yaya ya tashi daga kwandasta ya zama direba, wani alhaji ya ba shi mota. Abu na farko da ya yi, ya kai ta wurin mai fenti a Kano aka zana masa zalɓe a gilashin baya, tsaye da ƙafa ɗaya, baki buɗe kamar yana zagin wani. A tashar Karaye da ta Rogo har aka daina kiran motar da sunan mai ita, sai dai a ce motar zalɓe ta cika ko ba ta cika ba. Bai yi wata biyu da zanen ba littafi na sha ɗaya ya fito, marubucin ya kashe zalɓen.

Gaskiya mutuwa ce mai kyau. Matsoracin nan ne ya tare kibiyar da aka harbo wa abokinsa, yana mutuwa yana cewa santsi ne ya ɗebe shi, kada wani ya ɗauka jarumta ce. Na yi kuka har Umma ta tambaye ni ko sakamakon jarrabawa ne ya fito. Yaya ya ce ranar bai yi lodi na biyu ba. Gwaggo ta yi salati ta ce, "Shi ne kaɗai mai hankali a cikinsu."

Da a nan aka bar shi da mun haƙura. Amma da alama masu karatu sun yi wa marubucin caa, domin a na sha biyu sai ga zalɓe ya dawo. Ashe wai tun asali ɗan sarki ne aka yi masa sihiri, mutuwar ce ta karya sihirin. Ya tashi kyakkyawan saurayi mai dogon hanci, ba tsoro, ba tsiwa, yana magana kamar mai wa'azi. Yaya ya tsaya a bayan motarsa ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce min, "Ni fa tsuntsu na zana."

Duk da haka ba mu daina ba. Mutane sukan tambaye ni dalili, ni ma ban da wata amsa mai kyau. Kin riga kin san mutum tun yana yawo da tsinkakken takalmi, kin san uwarsa tana zaune a ƙofar ɗaki. Ko ya lalace sai kin so ki ji ƙarshensa. Kowane sabon littafi sai in ce a wannan zai tuna. Wani lokaci yakan tuna ɗin, a layi biyu, ya yi ƙwalla, sai kuma a buga gangar yaƙi. Matansa suka kai huɗu, aka fara ba mu labarin 'ya'yansa. Rundunarsa ta mutane da aljanu ta yi yawan da idan marubucin ya fara lissafa ta nakan tsallake shafi biyu, Gwaggo ba ta taɓa cewa in koma ba. Ta ce min wata rana, "Kogin nan da ya ce kafin ya ciko, ai yanzu ya ci garin ma."

Sai littafin ya tsaya cak. Shekara ta wuce, wata ta bi ta. Yaya ya gaji da zuwa wurin masu sayar da littattafai a kasuwa. Wannan ya ce marubucin ya koma harkar fim, wancan ya ce ya samu muƙami a gwamnati, wani ya rantse ya rasu har an yi sadakar bakwai. Ni kuma na tafi kwalejin horon malamai, na dawo, na yi aure a nan Karaye, na fara koyarwa a firamare. Yaya ya yi aure shi ma, ya kama haya a Kano saboda ya fi masa sauƙin lodin asuba. Zuwana Rogo Ruma ya koma na biki da gaisuwa.

Amma duk zuwan da zan yi, bayan an gama ina kwana, ina gajiya, ya maigidan, ya yara, ya mutanen Karaye, sai Gwaggo ta rage murya ta ce, "Yaron nan fa? Babu labari?" In ce babu. Wata rana tana da baƙuwa, wata dattijuwa da ta zo daga Falgore, ta ji mu. Matar ta gyara zama ta ce, "Allah sarki. Ɗan wa ye ya ɓata?"

Gwaggo ta ce, "Ɗan wata baiwar Allah ne. Ya fita nemo mata magani, shekara da shekaru."

"Ko waya ba ya yi?"

"Ko saƙo."

"'Ya'yan yanzu ke nan. Allah ya bayyana shi."

Gwaggo ta ce amin da zuciya ɗaya. Ni na shige ɗaki na toshe baki da mayafi.

Da ya bayyana, ba a takarda ya dawo ba. Wata malama da muke aiki tare ta ce min ai marubucin yana nan da ransa, ya buɗe guruf a waya yana sakin ci gaban kaɗan-kaɗan. Ta sa aka saka ni, ni kuma na sa aka saka Yaya. A nan na gane ashe muna da yawa. Ga ma'aikatan asibiti, ga 'yan kasuwa, ga matan aure da suke cewa sun fara karatun suna aji biyu yanzu 'ya'yansu ne a aji biyun. Kowa da ƙorafinsa, kuma babu mai fita. Marubucin mutum ne mai haƙuri, duk abin da aka faɗa masa sai ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai ya manta labarinsa. Akwai ranar da ya rubuta ɗan masunci yana tuna ranar da aka binne mahaifiyarsa. Kafin azahar guruf ya kama da wuta. Da yamma ya fito ya ce a yi haƙuri, marikiyarsa yake nufi, ƙanwar babansa. Babu wanda ya taɓa jin labarin wata ƙanwar uba a littafi sama da ashirin, amma muka karɓa, domin ta fi mana sauƙi.

Wannan wurin ban karanta wa Gwaggo shi ba, Yaya ne ya ba ta labari yana dariya. Ta ce, "Ashe gwaggo ya kashe. Ya ga mu ne marasa gata."

Ƙarshen ya zo da damina, ranar wata Laraba. An fita tara, yara suna ta guje-guje a fili, ina zaune a aji ina cin gyaɗa dafaffiya, sai na ga an turo da rubutu a sama cewa wannan ne na ƙarshe. Na goge hannuna a gefen zane.

Ɗan masunci ya isa dutsen boka da rundunarsa, sun cika sarari har inda ido ya ƙare. Ya zare takubbansa, ya yi kirari shafi guda. Ya hau dutsen ya bankaɗe ƙofa. Sai ya tarar da wata tsohuwa tana shara. Ya ce ina boka. Ta ce ai boka ya daɗe da rasuwa, ciwon ciki ne ya kama shi, kwana biyu ya yi. Ya ce ina tulun. Ta ce ga shi can bayan ƙofa, ya ɗauke shi don Allah, ta gaji da zagaye shi in tana shara. Ya buɗe, inuwoyi suka tashi kamar tsuntsaye, kowace ta nufi mai ita. Daga nan sarakunan duniya suka taru suka naɗa shi sarkin sarakuna. Ya aika da dawakai aka ɗauko mahaifiyarsa aka kawo ta fada. Tammat. Abin da ya biyo baya godiya ce ga 'yan uwa da abokan arziki, ta fi babin tsawo.

Na ja rubutun sama, na ja shi ƙasa, ko akwai wani shafi da bai buɗe ba. Aka kaɗa ƙararrawa yara suka dawo, na ba su aikin da na riga na ba su jiya, babu wanda ya gaya min. Ba fushi na ji ba tukuna. Na ji kamar na yi kwalliya na tafi biki gari mai nisa, na tarar an ɗaga ba a sanar da ni ba.

Ina tashi daga makaranta Yaya ya kira. Ina jin hayaniyar tasha a bayansa.

"Malama, kin gani?"

"Na gani, Yaya."

"Ciwon ciki."

"Haka aka ce."

"Ko tari bai yi a gabanmu ba. Mutumin da muke jira tun ina rataye a ƙofar mota." Sannan ya ce, "To wa zai gaya wa Inna?"

"Kai ne ɗanta."

"Ke kika fara karanta mata. Ni ba ruwana."

Asabar ɗin makon akwai suna a Falgore, jikar Gwaggo ce ta haihu. Na isa bayan azahar, gida cike da mata, ana ta rabon waina da tuwon shinkafa. Na shiga na ga mai jego, aka miƙo min jaririya na ɗauka na yi addu'a, hankalina yana kan wayar da ke cikin jakata. Gwaggo tana ɗakin uwar gida ita da tsofaffi, an shimfiɗa musu tabarmi. Muka gaisa. Ta rage murya za ta yi tambayarta, na riga ta. Na ce, "Gwaggo, ya koma."

Ta kalle ni. "Ƙarshe?"

"Ƙarshe. In mun koma gida na karanta miki."

"Wane gida? Zauna nan."

Na zauna na fara. Tsofaffin suka yi shiru, 'yan mata suka fara taruwa a bakin ƙofa. Yawancinsu ba su san farkon ba, wata ta tambaya ko tarihin wani sarki ne na da, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Na karanta kirarin duka ban tsallake ba. Na kai wurin tsohuwa mai shara, muryata ta yi ƙasa don kunya, kamar ni na rubuta.

Gwaggo ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har tana share ido da bakin mayafi. Ta ce, "To da me kuke so? Tsoho ne fa tun ranar da ya zo neman masauki. Zama zai yi ya jira shi ya gama aure-aurensa? Ci gaba."

Na ji sanyi a raina, na ƙarasa da sauri. Inuwoyi suka tashi, aka yi naɗi, aka aika da dawakai. Na ce shi ke nan.

Dariyar ta ɗauke. "Aikawa ya yi?"

"Haka aka rubuta."

"Bai je da ƙafarsa ba?"

"A'a."

"To da ta zo me ta ce masa?"

"Ba a faɗa ba, Gwaggo."

"Duba dai sosai. Wayar nan taku tana ɓoye abu."

Na duba, na nuna mata inda godiya ta fara, duk da ba karantawa za ta yi ba. Ta ɗauki goro ta ɓare, ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Ta ce ita duk shekarun nan ba faɗan take jira ba, ta san dai zai yi nasara, ai shi ne mai littafin. So take ta ji ranar da matar nan za ta ɗaga kai ta gane ɗanta, ta ji abin da za ta fara cewa, ko abinci za ta fara nema, ko dariya za ta yi. Wata tsohuwa a gefe ta ce ai an kai ta fada, ta huta. Gwaggo ta ce, "Da ni ce ita, ba zan hau dokin ba. Sai in ce su koma su gaya masa ina nan inda ya bar ni. Ya san hanya."

Ta faɗe shi da ƙarfi fiye da yadda ɗakin yake bukata. Ashe ta hango Yaya ta taga, ya zo kwasar 'yan suna, yana tsaye a bakin zaure yana jujjuya makullin mota. Ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ni fa ko makon jiya na zo."

"Wa ya yi da kai?" in ji ta. Sannan ta jefa goron a baki.

Mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su san kan zancen ba. Daga nan hira ta ɓarke, kowa da labarin ɗanta da yake Kano ko Legas, wanda yake turo saƙo da wanda ba ya turowa. Aka manta da ɗan masunci. Ni kuma sai a lokacin haushin ya taso min sosai. Tun Laraba ina jin zafin an hana ni yaƙi, ban lura an hana ni abin da ya fi shi ba sai da Gwaggo ta faɗa.

Da la'asar hadari ya haɗo. Motar Yaya ta cika da mutanen Rogo Ruma, ni kuma gobe ina da baƙi a gida, don haka ya tsayar min da ɗan acaɓa, wani magidanci mai furfura kaɗan a gemu, ya ce ya kai ni har Karaye. Zan hau ke nan Yaya ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Sai haƙuri, Malama. Ciwon ciki ba ya barin kowa."

Mun ɗan yi tafiya tsakanin gonakin masara da rake, mai babur ya ce, "Hajiya, rasuwa aka yi?"

Na ce a'a, wani boka ne a littafi. Ya tambayi wane littafi, na kwatanta masa. Babur ɗin ya ɗan yi tangaɗi. Ya ce, "Wai na ɗan masunci? Har yanzu ana yin sa?" Ya ce shi ya karanta tun yana saurayi yana ɗinkin takalma a Kano, ya bari a wajen na tara, da ya dawo gida noma. Na ce ai an gama shi a makon nan. Ya ce kada in gaya masa, zai nema ya karanta da kansa. Na ce to.

Muka wuce wani ƙauye, muka wuce wasu mata da suka ɗauko itace suna sauri kafin ruwa. Muka zo inda ruwa ya cinye hanya, na sauka ya tura babur ɗin muka haye. Ina komawa ya ce, "Hajiya, gaya min kawai. Ina zan samu lokacin littafi ashirin?"

Na gaya masa, tun daga runduna har tulu a bayan ƙofa. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya kifa kai a kan babur yana dariya, yana cewa, "Ta gaji da zagaye shi." Ni ma ta kama ni. Muna nan tsaye ruwan ya sauko, bai tsagaita ba har muka shiga Karaye.

Na shiga gida sharkaf, takalmi a hannu. Maigidana yana zaune a baranda da rediyo. Ya yi min sannu, ya tambayi mai jego da mutanen Falgore, na ce duk suna gaishe shi. Ya ce, "Me aka sa wa yarinyar?"

Na tsaya ruwa yana ɗiga daga mayafina. Na san an faɗa min lokacin da aka miƙo min ita. Na ce bari in canja kaya tukuna. Daga ɗaki na kira Yaya a hankali na tambaye shi. Ya ce shi ma yanzu yake shirin kirana.